Auna Harshe da Ƙwarewar Koyo ga Yara Masu Otizim a Unguwannin Zango na Accra

Otizim, wanda wasu kafofin yaɗa labarai na Hausa kan kira galahanga, lalura ce da ta shafi ci gaban ƙwaƙwalwa, kuma alamominta kan bayyana tun ana goyo ta fuskar magana da cuɗanya da mutane da nacewa kan maimaita abu ɗaya. Likita Leo Kanner ne ya yi fitaccen bayani a kanta a Amurka a 1943, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara domin wayar da kai game da ita. Gano lalurar mataki ne na farko, amma abin da ya fi yi wa iyaye da malamai amfani shi ne awon da zai nuna abin da yaro ya iya da wanda ya kamata a koya masa nan gaba.

Ma'aunan da suka fi shahara a wannan fage daga Amurka suka fito. Akwai ABLLS-R na James Partington, na 2006, wanda ke bin ƙwarewa 544 a fannoni 25, tun daga fahimtar umarni har zuwa sa tufafi. Akwai kuma VB-MAPP na Mark Sundberg, na 2008, mai matakai 170 da suka yi daidai da ci gaban yaro daga haihuwa zuwa wata 48. Dukkansu sun ginu ne a kan nazarin B. F. Skinner na 1957, wanda ya karkasa magana bisa aikin da take yi, wato roƙon abu da ambaton sunansa da kwaikwayon furuci da amsa tambaya. Yaro yana iya furta kalmar ruwa idan an faɗa masa, ya kasa furta ta sa'ad da ƙishirwa ta kama shi, kuma wannan tazara ce mai awo ke nema.

A unguwannin zango na Accra irin su Nima da Maamobi aikin yana da wata sarƙaƙiya, domin yaron zango yana tashi ne cikin harsuna da yawa: Hausa a tsakar gida da kasuwa, Twi ko Ga a bakin titi, Ingilishi a makarantar boko, Larabci a makarantar allo, wani lokaci har da Dagbani ko Kotokoli ko Zabarmanci a ɗakin kaka. Idan aka gwada shi da Ingilishi kaɗai za a rage masa maki a kan abin da ya sani da wani harshe, saboda haka daidai shi ne a tattara kalmominsa na dukkan harsunan a ƙidaya su tare, tare da tafinta da ya san Hausar zango. Binciken da aka yi a ƙasashe irin su Kanada bai nuna cewa tashi da harsuna biyu yana ƙara wa masu otizim jinkirin magana ba, don haka babu hujjar hana uwa yi wa ɗanta magana da harshenta.

Tarbiyya ma tana iya ruɗar da mai awo. Rashin haɗa ido yana cikin alamomin da ake dubawa, alhali kuwa ɗan da aka koya wa kunya ba ya ƙura wa babba ido, ballantana baƙo, shi ya sa ya fi dacewa a lura da shi a cikin tsaransa da kuma wajen mahaifiyarsa. Haka nan hadda tana iya ɓoye matsala, domin wasu yaran masu otizim suna da kaifin riƙe sauti, har yaro ya kawo gajerun surori ba gargada, amma ya kasa amsawa idan an tambaye shi sunansa. Malamin allo da ya lura da haka yana riƙe da shaidar da asibiti ke buƙata.

Ghana ba ta rasa madogara ba, tun da akwai Dokar Masu Buƙata ta Musamman ta 2006, mai lamba 715, da Manufar Ilimin Bai-ɗaya ta 2015 wadda ta tanadi karatun irin waɗannan yara tare da sauran ɗalibai. Akwai cibiyar gwamnati ta auna yara a Achimota, da Asibitin Koyarwa na Korle Bu, da cibiyar masu otizim ta AACT da Serwah Quaynor ta kafa a 1998. Sai dai ƙwararrun gyaran magana kaɗan ne, iyaye da dama kuma kan fara da ruƙiyya bisa zaton shafar aljanu, wanda hakan kan jinkirta zuwa asibiti.

Mafita mafi kusa ita ce awon jarirai da mata ke kai 'ya'yansu a wurare irin su Babban Asibitin Maamobi, inda za a iya yi wa uwa tambayoyi 20 na ma'aunin M-CHAT-R, wanda aka tsara domin yara 'yan wata 16 zuwa 30, a kuma tura yaron da aka yi shakka a kansa gwajin ji kafin komai. Idan limamai da sarakunan zango suka mara wa wannan baya, za a samu yara da yawa da za a fara koya musu tun kafin su shiga aji ɗaya.