Bakin Yaro Muke Kallo, Mun Manta da Kunnensa

Da wuya a samu gidan da ake renon yaro ba a taɓa cewa "wane fa har yanzu bakinsa bai buɗe ba". Maganar takan taso ne a gidan suna ko biki, inda uwa za ta ga sa'an ɗanta yana zuba zance kamar aku, nata kuwa sai nuni da yatsa. Daga nan masu ba da shawara sukan kasu biyu. Wasu su ce a ƙyale shi, ai ubansa ma sai da ya kusa shekara huɗu ya yi magana. Wasu su ce a kira wanzami ya duba ƙarƙashin harshe, wataƙila linzami ne. Dukkansu bakin yaron suke kallo. A ganina kunne ya kamata a fara dubawa, sannan fahimta. Fitar lafazi ita ce ta ƙarshe a jerin abubuwan damuwa.

Magana ba rana ɗaya take saukowa ba. Tsakanin wata 6 zuwa 9 jariri kan fara gwaranci, yana maimaita gaɓoɓi irin su "ba-ba-ba" da "da-da-da". Wajen cikar shekara kalmar farko mai ma'ana kan fito. A 2022 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sabunta ma'auninta na girman yara, ta gina shi kan abin da aƙalla yara uku cikin huɗu ke iya yi a kowane mataki. Ma'aunin ya ce ɗan wata 18 yana ƙoƙarin faɗar kalmomi uku ko fiye, ban da "mama" da "baba". Ɗan wata 24 yana haɗa kalmomi biyu, kamar "ba ni" ko "Baba tafi". Ɗan wata 30 kuma yana da kalmomi kimanin 50.

Yawan kalmomi daban, fitarsu sarai daban, kuma a nan iyaye da yawa ke tayar da hankalinsu a banza. Ƙiyasin da likitocin yara suka daɗe suna aiki da shi shi ne baƙo zai gane kusan rabin maganar ɗan shekara biyu, kashi uku cikin huɗu na maganar ɗan shekara uku, sai a shekara huɗu ne zai gane kusan dukkanta. Nazarin da Sharynne McLeod da Kathryn Crowe suka wallafa a 2018 kan harsuna 27 ya nuna sai wajen shekara biyar yara ke mallakar mafi yawan baƙaƙen harshensu, kuma sautin "r" mai kaɗa harshe yana cikin masu jinkirin zuwa. To mu da muke da "r" iri biyu, ga "ts" da "ƙ" da "ɗ", me zai ba mu mamaki in ɗan shekara uku ya ce "luwa" yana nufin ruwa? Wannan tsamin baki ne na ƙuruciya. Abin da ke ɓata shi shi ne a mai da yaro abin dariya, ko a tsare shi a ce sai ya maimaita sau goma. Ya isa uwa ta ce, "Ruwa kake so? Ga ruwa," ya ji daidai ɗin ya wuce. Haka ma in'ina, wadda kan bayyana tsakanin shekara biyu zuwa biyar: mafi yawan yara suna rabuwa da ita, tsawa kuwa ƙara mata ƙarfi take yi.

Akwai kuma zargin da ake ɗora wa yawan harsuna. Wasu malaman makarantun renon yara kan ce wa iyaye su daina yi wa yaro Hausa a gida, wai tana rikita masa Turanci. Wannan magana ba ta da tushe a ilimi. Yaron da ke tashi da harshe biyu ana haɗa kalmominsa na duka biyun ne a ƙirga, kuma cakuɗa su da yake yi ba ruɗewa ba ne, manya ma haka suke yi. Ba yau aka fara tashi da Hausa da Fulatanci a Yola ba, ko Hausa da Barbarci a Maiduguri. Uwar da aka raba da harshen da take wasa da zolaya da shi, aka bar ta da guntun Turancin "zo" da "zauna", an rage wa ɗanta yawan maganar da zai ji, wadda ita ce abincin harshensa.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Yaro da kunne yake koyon magana, abin da bai ji ba ba zai faɗa ba. Mu kuwa muna zaune a yankin da sanƙarau ya saba ziyarta lokacin zafi, ga ƙyanda, ga shawarar jarirai mai tsanani, kuma kowannensu na iya barin yaro da raunin ji. Ga ciwon kunnen nan mai zubar da mugunya, wanda sau da yawa ake ɗiga masa mai ko a toshe da auduga a ci gaba da harka. Wasu magungunan allura, irin su jentamaisin, suna iya lalata ji in an yi amfani da su barkatai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara daga abubuwan da za a iya kauce musu yake samuwa.

Abin da ke yaudarar iyaye shi ne raunin ji ba lallai ya zama kurumta gaba ɗaya ba. Yaro zai firgita in an buga ƙofa, amma ƙananan sautukan magana suna wuce shi. Yana da wayo, yana karanta fuska da hannu, in an ce "kawo kofi" ana nuna kofin sai ya kawo, kowa ya ce ai yana ji, taurin kai ne kawai. A ƙasashen da ake gwada jin jarirai, ƙa'idar ita ce a yi gwajin kafin wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. A wajenmu sau da yawa sai an kai yaro makaranta ake ganewa, bayan shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar harshe sun yi nisa. Gaskiya ne da yawa daga masu jinkirin magana sukan cim ma sa'o'insu da kansu, wataƙila uban yaron ma haka ya yi. Amma babu mai iya duban ɗan shekara biyu da ido ya raba wanda zai cim ma da wanda ba ya ji.

Batun linzami ba ya buƙatar dogon bayani. Akwai shi, yana iya hana jariri kama nono sosai, amma ba ya hana yaro sanin kalmomi ko haɗa su. Yaron da ba shi da kalma ko ɗaya, matsalarsa ba a ƙarƙashin harshe take ba, aska kuwa tana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Gidajenmu ma sun sauya, ba mu lura ba. A da, ko uwa tana alkunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yawan yi masa wasa a gaban mutane, akwai kaka da gwaggo da yayye masu goyo da ke cika masa kunne da zolaya da waƙar reno da tatsuniya. Yau ma'aurata na zaune su kaɗai a gidan haya, an rufe ƙofa, kunyar ba ta gama gushewa ba, kakar kuma tana ƙauye. Wayar hannu ce ta gaji gurbinta. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Waya tana magana, amma ba ta jiran amsa, yaro kuwa a cikin karɓa-karɓar zance yake koyo.

Saboda haka in jariri ya kai wata tara ba ya gwaranci, ko ya cika shekara ba ya waiwayowa in an kira sunansa ta bayansa, ko ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi, ko ya shekara biyu bai haɗa kalmomi biyu ba, lokacin jira ya ƙare. Wanda ya fara magana sannan kalmomin suka ɓace, wannan a gaggauta, domin yana iya zama alamar lalurar otizim, wadda ake yawan ɗora wa aljanu. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Kafin a tafi, uwa ta rubuta duk kalmomin da yaron ke faɗa, a kowane harshe, har da gurɓatattun, ta kuma tuna cututtukan da ya yi da alluran da aka yi masa. In an shiga gaban likita, a nemi gwajin ji da na'ura, kada a tsaya ga tafa hannu a bayan kunne.