Ko Kun Sani?

A tsohuwar ƙasar Ailan, dokar gargajiya ta hana mai nakasa a jiki hawa gadon sarauta. Shi ya sa sarakunan ƙasar da dama ba sa kashe abokin gaba na cikin gida, sai su cire masa idanu, ya rayu amma sarauta ta haramta gare shi.

Ga misali, Donnchad Donn ɗan Sarki Flann Sinna ne, na zuriyar Clann Cholmáin a yankin Mide. Tun mahaifinsa na raye ya yi masa tawaye, a 904 da kuma 915. A zamanin, sarautar Tara, wato babbar sarautar Ailan, karɓa-karɓa ake yi tsakanin dangin Uí Néill na arewa da na kudu. Da Flann ya rasu a 916, Niall Glúndub na arewa ya gaje shi. Mayaƙan Viking suka kashe Niall kusa da Dublin a 919, mulki ya dawo kudu, hannun Donnchad. A wannan shekarar Donnchad ya makantar da ɗan'uwansa Áed, abin tausayi, kuma a 921 ya kashe wani ɗan'uwan nasa, Domnall. Ya riƙe Tara har rasuwarsa a 944.