Lambar QR a Bakin Iyaka: Layinka Take Bi

A ce wani ɗan kasuwa a Garu, nan Illela, ya manna lambar QR a ƙofar shagonsa. Masu sayensa wasu daga Sakkwato suke, wasu daga Birnin Ƙonni. So yake ɗan Najeriya ya ga farashi da naira, ɗan Nijar kuma da sefa. Lamba ɗaya za ta iya wannan aiki? Za ta iya, amma ba da wayonta ba.

Ita lambar, wadda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota, rubutu ne kawai aka mayar ɗigo-ɗigo. Da zarar an buga ta, ba ta canzawa. Dabarar ita ce a sa mata gajeren adireshi na wata kwamfuta mai tsaka-tsaki. Ka haska ta da kyamara, wayarka ta fara isa can, kwamfutar ta duba adireshin IP da ka zo da shi, ta nemi ƙasar da aka yi wa rajistarsa a kundinta, sannan ta tura ka shafin da mai shago ya ware wa ƙasar. Kafin ƙiftawar ido an gama.

Nan ne bakin iyaka ke kawo cikas. Adireshin IP na kamfanin layinka ne. A Illela sabis ɗin Nijar kan ƙetaro, mutane da yawa kuma layi biyu ne a wayarsu. Baƙonne da ke tsaye a Garu yana amfani da datar Zamani ko Moov, a Nijar za a lissafa shi. Mai layin MTN da ya tsallaka Ƙonni kuwa, galibi datarsa ta gida take zagayawa, sai a ɗauka yana Najeriya. Gane gari ya fi wuya: sau da yawa kana Illela a ce kana Legas.

GPS ya fi daidai, sai dai dole mai waya ya ba da izini, kuma ba kowa ke yarda ba. Ga wata kuma: in kuɗin hayar waccan kwamfutar ya ƙare, lambar da ke ƙofar shago ta zama ado.

Don haka, Alhaji mai shago, ka bar na'ura ta yi hasashenta, amma ka sa maɓalli biyu a saman shafin, naira da sefa, mai saye ya zaɓa da hannunsa.