Marurun da ya gagari magani: daga jikin yaro zuwa sauran mutanen gida

Daga watan Afirilu har zuwa faɗuwar ruwan farko, lokacin da zafi ke kaiwa matuƙa a Maraɗi, Tawa da Damagaram, ƙurajen zufa kan rufe jikin yara. Yaro ya sosa, fata ta tsage, bayan ƴan kwanaki sai ga maruru. Abin da aka saba shi ne a matse shi, a aika wurin mai teburin magani a sayo kafso biyu, a sha ɗaya a barbaɗa garin ɗayan a kai. Sau da yawa yakan warke don kansa. Amma akwai gidajen da abin ke kewayawa: ya bar wa ya kama ƙane, ya bar ƙane ya kama uwa, bayan wata guda kuma ya komo kan wanda ya fara.

Ƙwayar cutar da ke haddasa galibin marurai sunanta stafilokok. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hanci ko a fata ba tare da wani ciwo ba, sai ta sami ƙofa ta hanyar rauni, cizon sauro ko susar ƙazuwa. Da, penisilin na kashe ta nan take. A yau mafi yawanta ba ta jin penisilin, haka ma amoksisilin da ampisilin, wato dai magungunan da suka fi yawa a kan teburin kasuwa. A 1961 aka gano a Ingila wani irin da ya gagari metisilin, maganin da aka ƙera musamman dominta. Likitoci na kiransa SARM. An daɗe ana ɗaukarsa ciwon asibiti, har 1999, sa'ad da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin mutuwar yara huɗu waɗanda suka kamu da shi a waje.

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, SARM kaɗai ya kashe fiye da dubu 100. Yankin da ya fi kowane asara, idan aka auna da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma.

A gida, mugunya ce babbar hanyar yaɗuwa. Uwar da ta matse ƙurji da hannu ta koma ta ɗauki jinjiri, ta kai masa cutar. Haka soson wanka guda ga yara biyar, tawul guda, tabarma guda, da reza ko askar da ba a tsabtace ba. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne jarirai, tsofaffi, masu ciwon suga da yaran da tamowa ta raunana. A jikinsu ƙwayar na iya ratsa fata ta shiga jini, ƙashi ko huhu.

Magani na farko shi ne ma'aikacin lafiya ya tsaga ƙurjin da kayan aiki masu tsabta ya fitar da mugunya. Ƙaramin maruru sau da yawa wannan ya ishe shi. In ana bukatar antibiyotik, akwai waɗanda kan ci SARM, kamar kotrimokzazol da kilindamisin, amma likita ne zai zaɓa, kuma in ciwon yana komowa ya kamata a auna mugunyar a gane wanda ƙwayar ke ji. Mai gidan da ya sayi rabin abin da aka rubuta masa don tsimin kuɗi yakan biya sau biyu.

A rufe ciwon da bandeji, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, a ware wa yaron sosonsa da tawul ɗinsa, a wanke tufafinsa da shimfiɗarsa a shanya a rana. In wani a gidan yana da ƙurji, a kai su tare. Zazzaɓi, ja mai bazuwa kewaye da ciwon, maruru kusa da ido ko hanci, ko kowane ƙurji a jikin jariri, waɗannan ba sa jiran gobe: asibiti za a nufa a ranar.