Nisan Tawa da Yamai ta Sama da Tsawon Tafiyar Jirgi

Nisan sama, wato miƙaƙƙen layin da ya haɗa garuruwa biyu ba tare da bin lanƙwasar hanya ba, tsakanin Tawa da Yamai ya kai kusan kilomita 370, alhali titin kwalta da ke bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso ya kai kusan kilomita 550, tafiyar da kan cinye mafi yawan yini a mota.

Ana lissafin tsawon lokacin tafiyar jirgi ne ta hanyar raba nisan da gudun jirgi, sannan a ƙara mintocin hawa da sauka da jiran izinin hasumiyar kula da zirga-zirga. Don haka jirgi mai farfela da ke gudun kusan kilomita 450 a sa'a yakan isa filin jirgin Diori Hamani na Yamai daga Tawa cikin kimanin sa'a guda, iska kuma tana iya ƙarawa ko ragewa.

Sai dai ga mutumin garin Buza, wanda dole ya fara shiga mota zuwa Tawa kafin ya ga jirgi, wannan sa'a ɗaya ɓangare ce kawai ta tafiyarsa, shi ya sa gyaran hanyoyin karkara ya fi masa muhimmanci.