Daga Birnin Kebbi Zuwa Jidda Ta Sama

Idan lokacin aikin Hajji ya zo, mukan raka maniyyatanmu daga Argungu zuwa filin jirgin sama na Ambursa, kusa da Birnin Kebbi. Jirgi ya tashi da hantsi, kafin magariba sai mu ji sun sauka lafiya. Shi ya sa waɗansu ke cewa ashe Makka kusa take. Ba kusa take ba. Bari mu auna.

Masu jirgin sama ba su auna nisa kamar direban mota. Hanyar mota tana karkacewa, tana kewaya dutse da fadama. Su kuwa miƙe suke aunawa, kamar an ja igiya daga gari zuwa gari. Da irin wannan awo, daga Birnin Kebbi zuwa Jidda kimanin kilomita 3,800 ne, watau kusan mil 2,400.

Wannan lissafi ya yi wa kai yawa. To, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi kamar kilomita 50 ne. Sai mutum ya yi wannan tafiya fiye da sau saba'in kafin ya cika nisan Jidda. Mai tafiya da ƙafa, in yana cin kilomita 30 kullum, ba hutu, sai ya yi wata huɗu. Jirgi kuwa yana cin fiye da kilomita 800 cikin awa guda, don haka kamar awa biyar ta ishe shi.

Kakanninmu ba su sami hanya miƙaƙƙiya ba. Sukan bi ta Kano da Barno, su ratsa Chadi da Darfur, su kai bakin Bahar Maliya a ƙasar Sudan, sa'an nan su shiga jirgin ruwa. Guzuri ya ƙare, su tsaya su yi noma ko ƙodago. Wani ya yi shekaru kafin ya komo. Wani bai komo ba, jikokinsa suna Sudan har yau.

Amma shi ma jirgi ba kullum yake samun miƙewa ba. Sararin sama na kowace ƙasa nata ne, sai da izininta a wuce. A shekarar 2023 yaƙi ya tashi a Sudan, aka rufe samanta. Dole jiragen alhazanmu suka yi kewaye. Tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa, kuɗin jirgi ya ƙaru.

Akwai kuma abin da ke rikita baƙo. Jidda tana gabas da mu, rana tana riga fitowa can, agogonsu ya fi namu da awa biyu. In jirgi ya tashi da ƙarfe takwas na safe, ya yi awa biyar, agogon hannun alhaji zai nuna ƙarfe ɗaya. A Jidda kuwa ƙarfe uku ne, La'asar ta kusa. Sai ya gyara agogonsa tun yana cikin jirgi, don kada lokacin salla ya kuɓuce masa.