Ƙarfe, Kuɗi da Lokaci: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

Duk motar da ta taso daga Lome za ta Sokode ko Dapaong sai ta ratsa Langabou, wani gari a bakin babbar hanyar da ta tsaga Togo daga kudu zuwa arewa. A irin wannan hanya harsuna ke cakuɗuwa, kuma sunan ƙarfe na cikin kalmomin da suka fi yawo.

A fara da gida. Bahaushe ya ce ƙarfe yana nufin abin da maƙeri ke dukawa, ya kuma ce "ƙarfe biyu za mu tashi", domin da bugun ƙarfe ake sanar da lokaci kafin kowa ya ɗaura agogo. Shi kansa agogon aro ne daga Yarbanci, inda yake nufin ƙararrawa. Mutanen Ewe na kudancin Togo sun fi mu zurfi a nan: kalmarsu guda, ga, ita ce ƙarfe, ita ce kuɗi, ita ce awa. Keke kuwa gasɔ suke ce masa, wato dokin ƙarfe.

Faransanci, harshen gwamnati a Togo, na cewa métal, daga metallon na Girkanci. Amma a wurin Girkawan farko rami ne, wurin haƙa, daga baya sunan ya koma kan abin da ake cirowa. Larabci ma haka ya yi: ma'adin mahaƙa ce, mu kuma muka karɓa muka ce ma'adinai. Har yau akwai gari a Sifen mai suna Almadén, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana haƙar zaiba. Sunan da Larabawan Andalus suka bar masa ke nan.

Wanda ya fi burge ni shi ne dala. Je ka kasuwar Sokode ka tambayi mai goro, sai ta ce maka dala ashirin, tana nufin sefa 100, domin dala ɗaya tamma biyar ce, wato sefa biyar. Asalin kalmar wani kwari ne a ƙasar Cek ta yau, Joachimsthal, inda aka soma buga kuɗin azurfa wajen 1520. Aka gajarta sunan ya zama taler. Reshe guda ya haifi dalar Amurka. Ɗaya reshen, mai hoton sarauniya Maria Theresa da shekarar 1780 a jiki, ya ƙetaro Sahara ya shiga hannun fatake da akwatin amare. Talakan da ke cinikin dala biyar da attajirin da ke canjin dalar Amurka a kasuwar Wapa, kalma ɗaya suke taunawa. Kwabo kuwa sunan tagulla ne da Ingilishi, baki ya lanƙwasa shi.

Azurfa daga Abzinawa muka samo ta, zinariya kuma jikar dinari ce, shi kuma dinarin kuɗin Rumawa ne tun asali. Faransawa da argent suke kiran azurfa da kuɗi duka, ƙasar Ajantina ma daga azurfa ta sami suna. A Sinanci harafi ɗaya ne zinariya, ƙarfe da kuɗi.

Akwai kuma waɗanda tsoro ya raɗa wa suna. A dā, masu haƙa a Jamus sukan ciro dutse suna zaton azurfa, su ƙona shi sai hayaƙi mai guba, suka ce aikin aljanin rami ne, kobold. Daga nan kobal ya fito, wanda yau ake rububinsa a Kwango saboda batirin waya. Nikel ma sunan wani ɗan iblis ne, ya maƙale bayan Axel Cronstedt ya tace shi a Suwidin a 1751. Misirawan dā kuwa ƙarfen sama suke ce wa baƙin ƙarfe, kuma binciken 2016 ya tabbatar da cewa wuƙar Fir'auna Tutankhamun daga dutsen da ya faɗo daga sama aka ƙera ta.

Togo ba baƙuwa ba ce a harkar ƙarfe. Arewa maso yamma da Sokode, a ƙasar Bassar, an yi narkar tama tun kusan shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa. A Bandjeli da Nangbani akwai ragowar dogayen murhunan yumɓu, sun fi mutum tsawo, masu jan iska da kansu ta ƙananan ramuka a gindi, ba zuga-zugi. Fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro sun bi ta yankin. Abin da ya kashe murhunan shi ne tarkacen ƙarfen Turawa, wanda ya fi araha, kuma maƙeri ba ya jiran a narke masa.